Aljihun Hagu

Agogon da wani baƙo ya ajiye ranar Talata lafiyarsa ƙalau. Yatsu mai gyaran agogo ya buɗe bayansa, ya hura, ya kara a kunne, bai ga abin gyara ba. Abin da ya samu kawai shi ne tikiti a ninke cikin ledar agogon: wasan dabo na Sha-Kallo, Asabar ƙarfe huɗu, layin gaba, kujerar bakin hanya. Mai agogon kuwa bai sake waiwayo rumfar ba.

Sunan nan ya tsaya wa Yatsu a maƙogwaro. Shekara ashirin da suka wuce, ubangida ɗaya ya koya musu rufa-ido a kan benci ɗaya. Yatsu kan ɓatar da kwabo a gaban hancinka, ka rantse ƙasa ce ta haɗiye shi. Sha-Kallo kuwa ko ƙwai ya ɓoye sai an hango shi yana leƙe daga hannun riga. Ubangidan kan ce wannan hannu nasa na ɗaukar bulo ne.

Yau ga hoton mai hannun bulo a jikin motocin haya, ga shi a talabijin. Yatsu yana rumfa da ɗan tabarau a ido, sai in wata makaranta ta tuna da shi ta gayyace shi wasa. In ya yi wasa, mutane su yi tsit, su dubi juna, su tafa sau biyu su watse. Ba wanda ya ga komai, saboda haka ba wanda ya tafi gida da labari. Wancan kuwa baki ne jarinsa: ya tsokani mai ƙaton ciki, ya yabi tsohuwa, ya yi kamar asirinsa zai tonu, jama'a su yi ta ihu.

Duk wannan Yatsu ya shanye. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne hoton Sha-Kallo da autarsa ta manna a bayan ƙofar ɗakinta.

"Baba, kai ma ka iya irin nasa?" ta tambaye shi wata rana.

Kishi ya hana shi cin abinci ranar. Da tikitin ya faɗo hannunsa, sai ya ce mata ta zauna gaban talabijin ranar Asabar, kada ta ƙifta ido.

Zauren ya cika maƙil, kyamarori uku suna zagaye. Sha-Kallo ya fito cikin kwat mai walƙiya, ya yi teɓa, ya yi ta zuba. Daga ƙarshe ya sanar da sabon wasa wanda bai taɓa yi ba. Ya roƙi wata hajiya zobenta na zinariya, ya naɗe a hankici, ya ɗauko ƙaramin akwati mai kwaɗo.

Yatsu ya kusa yin dariya. Wai sabo. Wasan ubangidansu ne na fari: zoben ya sulale cikin ɗan aljihun da ke ƙarƙashin bel, daga baya a cusa shi ta tsagar gindin akwati.

"Ina son mutum ɗaya ya riƙe mini akwatin," in ji Sha-Kallo. Idonsa ya bi layin gaba, ya sauka kan Yatsu ba tare da alamar sani ba. "Baba mai tabarau, taimaka mana."

Wato har ya manta fuskarsa. Wannan ya ƙara wa Yatsu ƙarfin gwiwa.

Sha-Kallo ya kama shi a damtse, ya matso da shi tsakiyar dandamali, kafaɗa na gogar kafaɗa. Daƙiƙa ɗaya ta ishi Yatsu. Mutum ɗari takwas da kyamarori uku suna kallo, ya zare zoben daga ƙarƙashin bel ɗin Sha-Kallo ya jefa a aljihunsa na hagu, inda ya saba ajiye komai tun yana koyo. A rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba.

Shirinsa a tsare yake. A buɗe akwati a ga wayam, gumi ya karyo wa gwanin, hajiya ta fara neman zobenta. Sannan shi ya ɗaga zoben sama, ya faɗi sunansa da ƙarfi yadda auta za ta ji daga gida.

Aka buɗe kwaɗo. Babu komai. Sha-Kallo ya laluba ƙugunsa, ya girgiza hankici, fuskarsa ta yi abin tausayi. Hajiya ta miƙe tsaye. Daɗi ya ratsa Yatsu har tafin ƙafa, ya ce bari ya ƙara masa numfashi uku kafin ya yi magana. Shekara ashirin ai ta cancanci numfashi uku.

A na biyu Sha-Kallo ya ja da baya taku biyar, ya ɗaga hannuwansa sama.

"Jama'a, kun ga nisan da ke tsakaninmu. Baba, don Allah duba aljihunka na hagu."

Kyamarori suka yi caa a kansa. Ba hanyar gudu. Yatsu ya sa hannu, ya fito da zoben, bakinsa a buɗe, kuma mamakin da ke fuskarsa ba na wasa ba ne. Zauren ya ɗauki tafi har fitilu na rawa. Yatsu ya faɗi sunansa, shi kansa bai ji ba. Ya san a gida ma auta tana tsalle, kuma ya san wa take yi wa.

Sha-Kallo ya rungume shi kamar yadda ake yi wa ɗan kallon da ya ba da haɗin kai, ya kawar da makirufo, ya sa baki a kunnensa.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa. Har yau ban iya sa ko tsinke a aljihun mutum ba. Na dai san zobe ba zai wuce ta gabanka ka ƙyale shi ba. In ka koma rumfa, ka riƙe agogon, nawa ne."