Abincin Awaki

"Yau ma wake da ganye?" Kawu ya ture kwanon. "Kai, ni akuya ne?"

"Abin da ya samu ke nan, Kawu."

Akwai nama a firji. Amma mutumin da ya cire ni daga makaranta ya ɗaure ni a kicin ba zai ga tsoka a hannuna ba. Gari ma na daina tankaɗewa, da dusarsa nake tuƙa masa. Gishiri kuwa sai dai ya ji labari. Burina ya gaji ya kore ni, in kama gabana.

Ranar da na raka shi asibiti awon hawan jini, likita ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, jininka ya sauka sosai. Bayan shan magani, wa ke maka girki?"

Kawu ya nuna ni, idonsa ya ciko da ƙwalla. "Ashe ƙaunata yaron nan yake yi! Daga yau ba na cin girkin kowa sai nasa, har in mutu."

Likita ta yi dariya. "Ai kuwa da sauranka, Baba. Da irin wannan abincin, sai ka ga jikokinsa."