Kwalbar Ƙarƙashin Hammata

Duk sa'ad da gardama ta kaure kan gwajin ƙwaya a wurin aiki, wannan ya ce tsare rayuka ne, wancan ya ce tonon asiri ne da cin fuska, akwai wani misali da ya kamata a ajiye tsakiyar tabarma kafin a ci gaba.

An yi wani direban tankar mai, ƙato majiyin ƙarfi, wanda ba ya iya doguwar hanya sai ya haɗiyi ƙwaya. Kwatsam kamfaninsu ya kafa dokar gwajin fitsari: wanda duk aka samu da ƙwaya a jika, ya ajiye makulli ya kama gabansa. Hankalin direba ya tashi, don da sitiyarin nan yake ci da iyalinsa. To yana da wa, maɗinki, mutumin da ko goro bai dame shi ba. Ya same shi a shago, ya ce wai wani mai magani ne ya nemi fitsarin ɗan'uwa na jini, zai haɗa masa maganin ciwon baya. Wan ya yi dariya har ya saki keke. "Kai dai ba ka rabo da abin al'ajabi. Wasu gado suke nema wurin 'yan'uwa, kai fitsari!" Ya ba shi. Da yake ma'aikaciyar asibitin kamfani takan taɓa kwalba da bayan hannu, in ta ji sanyi ta san ba yanzu abin ya fito daga jiki ba, sai direba ya riƙa ɗaure kwalbar a hammata tun daga gida. 'Yar jakar da yake saka ta ciki ma wan ne ya ɗinka masa da ragowar shadda, yana zaton laya za a sa.

Dabara ta ci. Amma wata rana likita ya tsayar da shi. Ya ce babu ƙwaya kam, sai dai ƙodar mai wannan fitsari ta fara gazawa. Ya sa shi ya tuɓe takalmi, ya danna masa idon sawu da babban yatsa, don ƙafar mai ciwon ƙoda takan lotsa. Fata ta dawo garau. Likita ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya je babban asibiti cikin makon nan, kada ya yi wasa.

Da la'asar direba ya biya shago. Idonsa bai sauka ko'ina ba sai kan ƙafar wansa da ke taka keke. Ta cika silifas har ta tumbatsa. Da wan ya zare takalmin zai yi alwala, shatin igiyar ya zauna a naman kamar an danna yatsa cikin ƙullun alkama, ya ƙi tashi.

"Yaya, da ka je asibiti an duba ƙafar nan."

"Zaman keke ne. Yaushe ka zama likita, ɗan mai?"

Magana ɗaya ce za ta tashe shi daga kujerar nan, direba kuwa ya san ta. Amma faɗinta na nufin ya ce shi ɗan ƙwaya ne, ya ce ya yaudari ɗan'uwansa. Can ƙasan zuciyarsa kuma wani abu ya raɗa masa cewa in Yaya ya fara shan magungunan asibiti, wa ya san abin da gwaji na gaba zai nuna? Ya haɗiye maganar. Ya miƙa kwalba.

A gwajin da ya biyo baya likita bai ce ya zauna ba. Kallonsa kawai yake, irin kallon da ake yi wa wanda aka riga aka yi wa salla. "Mai wannan fitsari bai kamata ya iya tsayuwa da ƙafarsa ba," in ji shi, "kai kuwa ga ka." Direba ya yi wa kansa alkawari: ya kai wannan lodi Kudu, yana dawowa zai faɗa wa Yaya komai. Yana cikin daji da tsakar rana, babu kowa a titi, sai ya ji ɗumi a hammatarsa ta hagu, zagaye, daidai girman gindin kwalba. Ya tsaya, ya laluba. Babu jaka, babu kwalba. Bai sauke hannu ba wayarsa ta yi ƙara daga gida.

Da gwaji ya sake zagayowa babu wanda zai roƙa, ya ba da nasa. Likita ya daɗe a ciki. Ya fito ya ce ga ƙwaya nan jingim, ƙoda kuwa lafiya lau, kamar ba ta taɓa ciwo ba. Bai ko tambayi makulli ba tukuna. Ya kama hannun direba ya ce, "Na wane ne wancan fitsarin na baya? Ka kawo mini shi yau, ba gobe ba."

Direba ya ce, "Mun kai shi makwancinsa ranar Talata."

Aikin ya tafi duk da haka. An ce har yanzu, ko ana tsuga sanyi, in ka zauna kusa da shi za ka ga yana ɗan ɗaga hannun hagu daga jikinsa, kamar mai ba wani abu wuri. Gwajin da ya guda ya faɗa masa gaskiyar da ba a tambaye shi ba, shi kuma ya zaɓi makullin mota a kan ɗan'uwa. Shi ya sa Hausawa ke gargaɗi: kada garin neman gira a rasa ido.