Hasken da Ba Ya Yanka

A ƙofar ɗakin ɗaukar hoton ƙirji a asibitin Sokode, wani tsohon mahauci ya turje. Tari ya cinye shi, tun daga garin Dapaong mai nisa aka kawo shi, amma ya rantse babu hasken da zai leƙa cikinsa.

'Yarsa, wadda bai taɓa tambayar aikinta ba, ta durƙusa.

"Baba, da irin hasken nan nake aiki. A cikin dutsen da hodarsa ke haska ƙwan lantarki akwai ƙwayar wani ƙarfe mai wuyar samu, guda cikin ɗari. Maɓoyarta nake nema."

"Sai kin fasa dutsen?"

"Ko ƙwarzane babu."

Shekara hamsin bai ga cikin komai ba sai da wuƙa. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya cire hularsa ya miƙa mata, ya juya ga ƙofar ɗakin.

"Riƙe. Kada ta taɓa ƙasa."