Zannuwan Hajiya Fanne

"Ƙara naɗa min wani, Suwaiba, yi sauri!"

Hajiya Fanne ta jiƙe sharkaf da gumi, ƙanwarta na ta jibga mata zannuwa a ƙugu. Tun da aka yi mata tiyatar rage tumbi, ciwon suga ya lafa, amma ta rame har zobe na suɓucewa daga yatsanta.

"Yaya, a wannan zafin? Za ki suma fa!"

"Gara in suma. In suka gan ni haka, me yarana za su ci?"

Ta zumbula hijabi ta fito. Amaren unguwar Dogo Tebo sun cika tsakar gida, sun zo sayen maganin ƙiba a wurinta.

Ta farko ta kalli ƙugunta ta ce, "Hajiya, wanda kike sha nake so."