Jan Bayis ɗin Mai Walda

Kai mai son a gani a yaba, matso ka ji ta wani mai walda. Ya gaji bayis wajen ubansa, ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu da ake ɗaurewa a teburi ana matse aiki a ciki. Baƙi ƙirin ne, duk maiƙo, amma in ya ciji ƙarfe ko jaki bai isa ya fizge ba. Ana nan sai maƙwabcinsa, shi ma mai walda, ya kai nasa wajen masu fentin gari, irin wanda ake fesawa a bushe sannan a gasa a tanderu. Ya dawo shuɗi yana ƙyalli, masu wucewa suna tsayawa kallo. Daga ranar nan tuwo ya daina yi wa mutuminka daɗi.

Ya kinkimi nasa ya kai. Mai fenti ya duba ya ce sai an kwance shi tukuna, a cire dogon notin da ke buɗe shi yana rufewa, a toshe gidan notin, don wurin nan ba a yi masa fenti. Mai walda ya tsaya haushi na cinsa. Wato a ba shi rabin ado, maƙwabci ya leƙa ciki ya ga baƙi ya yi dariya?

"Malam, bayis ɗin na ubanka ne ko na ubana? Ja nake so, ciki da bai, har haƙoransa."

"To, maigida. Ni dai na faɗa."

Aka fesa, aka gasa. Ya fito ja zur kamar nunannen tumatir. Ga gajeriyar hanya, amma sai da ya zaga da shi ta tsakiyar kasuwa a baro.

Bai gama ɗaure shi a teburi ba sai ga wani manomi da karyayyen ƙarfen injin ban-ruwa, albasarsa na can tana ƙonewa a fadama. Mai walda ya gyara tsayuwa, ya kama hannun bayis ya murɗa. Ko gezau. Fentin ya narke ya cike gidan notin, ya daskare kamar dutse. Ya zuba baƙin mai, ya buga guduma, ya yi zagi. Manomi na tsaye yana kallon rana. Da abin ya ishi mai walda, ya zura dogon bututu a hannun, ya haye da duk nauyinsa. Sai ji aka yi ƙas! Gidan notin ya tsage biyu, kuma irinsa an daɗe da daina yi.

Manomi ya ɗauki ƙarfensa, ya shiga shagon maƙwabci. Bayis ɗin yana nan har yau, ja zur, ana tokare ƙofa da shi kada iska ta rufe.

Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.