La'adar Gida Mai Jan Bulo

Abokin dillalin ya kaɗa masa makullan sabon gidan da ya saya a fuska, yana dariya.

"Dala dubu biyar don ka haɗa ni da banki kawai? Kai mutumina, ku dillalai ɓarayi ne cikin kwat!"

Dillalin ya yi yaƙe. Shekara tara yana samo wa mutanen Chicago bashin sayen gida, amma sau uku banki yana hana shi bashin wannan gida mai jan bulo, wai mai cin la'ada ba shi da tsayayyen albashi. Abokin nan kuwa, da ya gama sakandare da kwafar amsoshinsa, cikin kwana huɗu aka amince masa.

Dillalin ya miƙa masa kyautar da dillalai suka saba bayarwa, 'yar tabarmar bakin ƙofa.

"Na gode. Kuɗin haya ɗaya ga wata fa, ban da makara!" in ji abokin.

Dillalin ya fita, ya zagaya ta gefen gidan, ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ya daɗe yana haya a gidan. Ko kwat bai cire ba ya zauna, yana jin takun abokinsa a saman kansa, ɗaki bayan ɗaki.