Rantsuwar Baba Tanko

Tun da na'ura ta iya ƙirƙirar kowane hoto, doka ta ce duk fim ɗin gaskiya sai wani da ya fito a cikinsa ya zo ya rantse duk shekara. In babu, a buga masa hatimin ƙarya.

Fim ɗin da ya ciyo wa Uwani lambar yabo na wani ƙauyen masunta ne, kafin dam ya cinye shi. Cikin mutum arba'in da ta ɗauka, Baba Tanko kaɗai ya rage. Yau ta riƙo hannunsa har ofishin tantancewa.

Ma'aikacin ya kunna fim. "Baba, kai ne wannan a kwalekwale?"

"Ɗan nan, yanar ido ta gama da ni tun bara. Muryar dai tawa ce."

"Ba a karɓar murya. Sai ka gani."

Uwani ta durƙusa. "Baba, don girman Allah ka ce e kawai. Aikina na shekara talatin ne."

"'Yar nan, in rantse kan abin da ban gani ba?"

Hatimi ya sauka. Tsohon ya juya wajen ƙarar.

"To kabarin uwata da ke ƙarƙashin ruwan, shi ma ya zama ƙarya?"